Riyaktar kalsiyam a tankin murjani: inda kuɗi ya kamata su tafi, da inda ba sai sun je ba

Wanda ya taɓa shiga tsohuwar unguwar Al-Balad a Jidda, ko ya ga kufan Sawakin a gaɓar Sudan, inda alhazan ƙasa suka riƙa shiga jirgin ruwa su tsallaka Bahar Maliya a zamanin da, ya ga gidajen da aka gina da dutsen da dabba ta ƙera. Dutsen murjani ne. Murjani ba tsiro ba ne, ko da yake yana yin reshe. Tarin ƙananan dabbobi ne masu laushin jiki, kowace tana zaune cikin ɗan gurbin dutse da ta gina wa kanta, na baya suna ɗora gininsu a kan na magabata. Kayan ginin kuwa duk daga ruwa suke tsamo shi: kalsiyam da kabonet, su haɗa su su zama kalsiyam kabonet a siffar da masana ke kira aragonait.

A teku wannan ba abin damuwa ba ne, ruwan ba ya ƙarewa. Matsalar ta mutanen da suka ɗauko murjani suka sa a tankin gilashi a falo ce, kiwon sha'awa da ya yi ƙarfi a Jamus da Amurka da Japan da wasu ƙasashe. Tankin lita 400 da ya cika da murjani mai saurin girma yana iya cinye rabin kabonet ɗin ruwansa cikin kwana uku. In ba a mayar da abin da aka cinye ba, girma ya tsaya, daga nan naman ya fara saluɓewa daga ƙashi.

Na'urar da masu manyan tankuna suka fi dogara da ita wajen mayar da wannan kaya ita ce riyaktar kalsiyam. Ganinta kawai yana ba sabon shiga tsoro: tukunyar gas, agogo biyu, tiyo nan tiyo can, ga wayoyi ga fitilu. Amma in aka tuɓe mata kwalliya, tulu ne cike da tsakuwa da ake busa wa iska, kuma abu biyu rak ake murɗawa a jikinta: yawan iskar da ke shiga da yawan ruwan da ke fita. Yawancin wahalar da mutane ke sha da ita daga murɗa biyun a lokaci guda take tasowa, sai kuma zuba kuɗi inda ba a buƙata a bar inda ake buƙata.

Lambobin da ake aiki da su

Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kimanin giram 35. A cikinsa akwai kalsiyam miligiram 410 zuwa 420, da maganiziyam kusan miligiram 1,300. Sai abin da ake kira alkaliniti, wato yawan bayikabonet da kabonet da ke narke a ruwan. Masu kiwo suna auna shi da ma'aunin Jamusawa da ake rubutawa dKH. Ruwan teku yana wajen 7, su kuma masu tanki suna riƙe nasu tsakanin 7 da 9, wasu har 11.

Murjani ba ya cin waɗannan abubuwa biyu barkatai. Duk lokacin da ya cinye dKH 2.8 na alkaliniti, ya cinye miligiram 20 na kalsiyam a kowace lita, wato kimanin miligiram 7 ga kowane dKH ɗaya. Wannan lissafi ne ya sa gogaggu ba sa damuwa da awon kalsiyam kullum. A ɗauki tankin lita 400 da ke cin dKH 1.5 a rana. In ya tashi da 8 da safe, gobe war haka yana 6.5, kusan kashi ɗaya cikin biyar ya tafi, kowane kayan awo zai nuna. A wannan ranar kalsiyam bai sauka da fiye da miligiram 11 cikin 420 ba, abin da kayan awon gida ba zai iya rabe shi da kuskuren hannu ba. Saboda haka alkaliniti shi ne sitiyari. Wanda ya tsayar da shi wuri ɗaya da riyakta, kalsiyam zai biyo shi da kansa.

Tsayarwar ce ma muhimmiya, ba lambar ba. Murjani irin su Acropora, masu siraran rassa da tsada, sun fi jure zama a 7 kullum ko 9 kullum a kan a riƙa kai su 7 yau 9 gobe.

Hanyoyin da suka riga ta

Kafin mutum ya sayi riyakta ya kamata ya san ko yana buƙatarta, don akwai hanyoyi biyu da suka fi ta sauƙin farawa, kuma dukkansu daga masu kiwon Jamus suka yaɗu. Ta farko ita ce ruwan farar ƙasa, kalkwasa a bakinsu, wadda Peter Wilkens ya yayata tun shekarun 1970: a narkar da kalsiyam haidiroksaid a ruwa mai tsabta, a riƙa cike gurbin ruwan da ya tafi a tururi da shi. Tana da araha ƙwarai, tana kuma ɗaga pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, wanda lambarsa ke sauka in tsami ya ƙaru. Iyakarta ita ce garin ba ya narkewa sosai, giram ɗaya da rabi ne kawai a lita, don haka tankin nan namu mai lita 400 zai buƙaci fiye da lita 5 a rana. In tururin da tankin ke yi bai kai haka ba, babu wurin zuba sauran.

Ta biyu ita ce wadda Hans-Werner Balling ya bayyana a 1994: kalsiyam kulorayid a jarka ɗaya, sodiyam bayikabonet, wato bekin soda na masu yin burodi da kek, a wata jarka, kowane ana ɗiga shi daban. Ga ƙaramin tanki babu abin da ya fi ta. Sai dai murjani yana ɗauke kalsiyam da kabonet ya bar sodiyam da kulorayid, su kuma haɗuwarsu gishirin miya ne. Tankin namu zai ci bekin soda giram 18 da kalsiyam kulorayid kusan giram 16 kullum, ya bar gishiri fiye da kilo 4 a shekara, wanda dole a riƙa ɗebe ruwan gishiri ana maye shi da mai daɗi don a rage shi. Ga kuma dama gari da cika jarka da ba sa ƙarewa.

Riyakta, wadda ta bazu a shekarun 1990 kuma sunan Daniel Knop ya shahara da ita, ba ta barin gishiri, ba ta kuma jiran tururi. Tsadarta a ranar saye take. Bayan nan abin da take ci tsakuwa ce da iska. A ganina, mai tankin da bai wuce lita 200 ba, ko wanda murjaninsa mai laushi ne marar ƙashi, ya bar kuɗinsa a aljihu. Riyakta tana fara biyan kuɗinta ne idan tanki ya yi girma kuma cinsa ya wuce dKH ɗaya a rana.

Abin da ke faruwa cikin tulun

Iskar kabon dayoksaid, CO2, ita ce wadda ke tashi in an buɗe lemon kwalba. In ta narke a ruwa takan sa shi ɗan tsami, ruwa mai tsami kuma yana cin kalsiyam kabonet. Haka ruwan sama ke huda duwatsun farar ƙasa har ya yi koguna a cikinsu a tsawon dubban shekaru. Riyakta wannan aikin take yi cikin sauri a rufaffen tulu. Ana cika tulun da tsakuwar aragonait, galibi tsohon ƙashin murjani da aka farfasa. Ruwan tanki yana shiga kaɗan-kaɗan. Wani ƙaramin famfo yana juya ruwan cikin tulun ba tsayawa, yana ratsa tsakuwar yana dawowa. Ana sako CO2 a bakin famfon, fankarsa ta daddatsa iskar ta narke. Ruwan da ya shigo da pH wajen 8.1 sai ya sauka zuwa tsakanin 6.5 da 6.8, tsakuwa ta fara narkewa, ta koma kalsiyam da bayikabonet. Ruwan da ke ɗigowa daga ɗaya gefen ya koma tanki yana ɗauke da alkaliniti dKH 20 zuwa 40.

Hikimar ita ce ƙashin murjani aka narkar don a yi ƙashin murjani, don haka kalsiyam da alkaliniti suna fitowa daidai gwargwadon yadda za a cinye su. Wannan alherin kuma shi ne iyakar na'urar. In tankinka yana da kalsiyam 350 da alkaliniti 9, riyakta ba za ta gyara wannan karkata ba har abada. In ka matsa mata don kalsiyam ya hau 420, alkaliniti zai yi tsalle ya kusa 19, ka kashe komai. Ana daidaita ruwa da hannu tukuna, kalsiyam da maganiziyam da alkaliniti kowane ya zauna inda ake so, sannan a kunna riyakta ta riƙe su a wurin. Aikinta riƙo ne, ba ɗagawa ba.

A koma ga tankin mai lita 400 da ke cin 1.5 a rana. Lita 400 sau 1.5 ya ba da 600. Wannan ne bashin da za a biya kullum. In ruwan fita yana da 30, na tanki kuma 8, ribar kowace lita 22 ce. A raba 600 da 22, an sami lita 27 a rana, wato kimanin mililita 19 a minti. Tsakuwar da za ta narke giram 11 ce a rana, kusan kilo 4 a shekara. CO2 ɗin da lissafin sinadarai ke nema bai kai giram 5 a rana ba. A aikace ana cin fiye da haka don wani kaso yana fita ba tare da ya yi aiki ba, amma duk da haka tukunya mai kilo 2 takan yi watanni. Nan ne arahar take.

Inda ake kashe kuɗi

Tulun shi ne abin da ido ya fi gani a kanti, shi ne kuma ya fi ƙarancin muhimmanci. Bututu ne mai murfi da ba ya yoyo. Na hannu da wani ya gaji da shi yana aiki daidai da sabo, in dai an duba robar murfin da famfon. Masu aikin hannu suna haɗa nasu da babban gidan matatar ruwa ko faffaɗan bututun roba da ƙaramin famfo irin na Eheim. Abin da ake so kawai ya kasance ana ganin ciki, murfin yana buɗuwa ba da kokawa ba, kuma akwai ɗan tiyo a can sama da ke zuƙo iskar da ta taru ya mayar da ita bakin famfo.

Ragileta kuwa ba wurin neman araha ba ce. CO2 a cikin tukunya ruwa-ruwa take, kuma muddin akwai sauran ruwan, matsin ba ya sauka: wajen bar 57 (bar ma'aunin matsi ne) a zafin digiri 20, ya haura 60 in ɗaki ya ɗan yi ɗumi. Aikin ragileta ta saukar da wannan matsi zuwa wajen bar ɗaya, sannan wani bawul mai allura ya riƙa sakin iskar ƙwaya-ƙwaya. Wannan bawul ɗin shi ne zuciyar na'urar gaba ɗaya. Mai arha, ka saita shi da dare a ƙwaya 20 a minti, da safe ka tarar da 8 ko 50, don ɗan sauyin sanyi da zafi ya isa ya motsa shi. Mutum ya yi ta zargin tsakuwa da famfo da kayan awo alhali allura ce ba ta zama. Wanda kuɗinsa ba su da yawa ya sayi tsohon tulu da bawul mai kyau, kada ya sayi sabon tulu da bawul na banza.

Akwai wani halin ragileta mai hawa ɗaya da ya kamata a sani. Idan ruwan cikin tukunya ya ƙare, matsin ciki ya fara sauka, sai matsin fita ya hau maimakon ya sauka, ta kwararo sauran iskar cikin riyakta a ɗan lokaci. An yi asarar tankuna ta haka. Ragileta mai hawa biyu ba ta wannan, amma ta fi tsada. Maganin talaka shi ne kada a bari tukunya ta kai ƙarshe. Agogon babban matsi ba ya gaya maka saura nawa, don a wuri ɗaya yake tsaye har ruwan ya ƙare; ranar da ka ga allurarsa ta fara yin ƙasa, ranar za a kai tukunya ciko. Wanda ke son sani tun da wuri ya ɗora ta a sikeli. Nauyin tukunyar ba komai a ciki yana buge a kafaɗarta, abin da ya ƙaru a kai shi ne iskar da ta rage.

A tsayar da tukunya a miƙe, a ɗaure ta kada ta faɗi, kada kuma a bar ta a rana ko cikin mota a rufe. Da zafi ya wuce digiri 31, CO2 ba ta zama ruwa kuma, matsi yana hawa da sauri. Duk ranar da aka ɗaura ragileta a sa sabon wosha, a shafa ruwan sabulu a mahaɗa a duba ko zai yi kumfa. Yawancin masu kukan gas ɗinsu ya ƙare a mako biyu yoyo ne ya sha shi, ba murjani ba.

Ƙananan abubuwa biyu kuma ba a yin sakaci da su ko da ana tsimi. Ɗaya bawul ne mai hana komawa, wanda ke tare ruwan gishiri kada ya biyo tiyo ya shiga ragileta ya cinye ta da tsatsa. Ɗayan makullin lantarki ne, solinoyid, wanda ke buɗe muddin akwai wuta, ya rufe da kansa in ta ɗauke. A jona shi a soket ɗaya da famfon riyakta. In ba shi, wuta ta ɗauke, famfo ya tsaya, iska ta ci gaba da shiga har ta cika tulun ta kore ruwan. Wuta ta dawo, famfo ya yi ta juyawa a busasshe. Ga wanda ke zaune inda ɗauke wuta abin yau da kullum ne, wannan ɗan makulli ya fi kwantirola muhimmanci nesa ba kusa ba.

Ita kwantirolar fa? Na'ura ce mai sandar awon pH da ake cusawa cikin tulun, tana buɗe solinoyid in pH ya hau, ta rufe in ya sauka. Tana da amfani, amma ba farilla ba ce. An yi shekaru ana tafiyar da riyakta da ƙirga ƙwayar iska kawai. Illarta ita ce tana sa mutum ya saki jiki. Sandar awon tana karkacewa a hankali, tana buƙatar a riƙa daidaita ta da ruwan gwaji mai pH 7 da mai pH 4, bayan shekara ɗaya ko biyu kuma ta gaji. Sandar da ta karkace za ta nuna 6.6 alhali ciki 6.2 ne, kwantirola kuma ta yi ta bin ƙarya da gaskiyarta. Amfani da ita na hankali shi ne a saita allura yadda iskar da ke shiga ta yi daidai da buƙata, a bar kwantirola a matsayin mai gadi da zai yanke gas in abu ya ɓaci. In kana jin solinoyid yana ƙas-ƙas kowane minti biyu, allurar ta buɗe da yawa.

Ɗigon fita

Abu na biyu da ake murɗawa shi ne yawan ruwan da ke ratsa tulun. Hanya mafi araha ita ce a tsaga reshe daga babban famfon da ke mayar da ruwa tanki, a sa ɗan bawul a bakin fita a matse shi har ya koma ɗigo, kamar yadda nas ke saita ƙarin ruwa a asibiti. Yana aiki, sai dai yana da hali. Ruwan fita a ƙoshe yake da kalsiyam, ga ɓurɓushin tsakuwa, ƙofar kuma ƙanƙanuwa ce. Ɗigon da aka saita ranar Asabar, zuwa Laraba ya ragu da rabi ba wanda ya taɓa shi. Da ya ragu, ruwa ya daɗe a ciki, pH ya ƙara sauka, tsakuwa ta ruɓe, tanki kuma yana can yana jin yunwa.

Mafita biyu ce. Mai kuɗi ya sayi famfo mai matsa tiyo, irin wanda wasu ƙananan tayoyi ke bin tiyon roba suna tura ruwa daidai adadin da aka ce, kamar na Kamoer ko tsofaffin Masterflex da ɗakunan gwaji ke sayarwa. Sai dai a tabbata irin wanda aka yi don aiki dare da rana ne. Na ɗiga magani sau biyu a yini ba zai yi wata yana juyawa ba. Marar kuɗi ya buɗe bawul ɗin ya wuce ɗigo ya zama siririn zare, ya bar pH na ciki ya ɗan hau. Ruwan zai fito da rauni amma da yawa, lissafin ya tashi ɗaya, ƙofar kuma ba ta saurin toshewa. Ko wace aka bi, kada a auna da ido. A tara ruwan a ƙaramin kofin awo ko sirinji na minti ɗaya cur a karanta. Ɗigo 20 kimanin mililita ɗaya ne, amma kofi ya fi ƙirgen ɗigo gaskiya.

Yadda ake saitawa

A fara da sanin cin tankin. A auna alkaliniti, a dakatar da duk abin da ake zubawa, gobe daidai wannan sa'a a sake aunawa. Bambancin shi ne cin rana. A yi lissafin da muka yi a sama, a saita ɗigo ƙasa da abin da lissafin ya ba da, don ƙari ya fi ragi sauƙi. A wanke tsakuwa sosai, a cika tulu da ruwa har iska ta fita, a bar famfo ya yi ta juyawa, sannan a buɗe gas kaɗan, kamar ƙwaya 10 a minti a cikin 'yar kwalbar ruwa da iskar ke ratsawa don a ƙirga ƙwayoyinta. Ƙirgen wani ba ya yi wa wani aiki, don girman ƙwayar ya danganta da matsi da faɗin tiyo. Lambar taka ce kai kaɗai, amfaninta ka gane in ta sauya.

Bayan sa'o'i a auna alkalinitin ruwan fita da kayan awon da aka saba. Tun da yana da ƙarfi, a ɗebi rabin ruwan da aka saba ɗiba a ninka sakamakon biyu, kada maganin awo ya ƙare a banza. In bai kai 20 ba, a ƙara gas kaɗan. In ya zauna tsakanin 25 da 35, a cire hannu. Daga nan sai jira, kuma jiran ne ya fi wa mutane wuya. Tulun kansa yana ɗaukar sa'o'i kafin ya daidaita, tanki kuma ba ya nuna sakamako sai bayan kwana ɗaya ko biyu. Wanda ya murɗa da safe, ya auna da azahar, ya sake murɗawa da la'asar, ba zai taɓa sanin wace murɗa ce ta yi me ba.

A zaɓi abu ɗaya a kafe shi. Hanyar da na fi ganin sauƙinta ita ce a kafe ƙarfin ruwan fita, a riƙa wasa da yawansa. A ce bayan kwana uku awo ya nuna tanki yana sauka da 0.3 kullum. Lita 400 sau 0.3, giɓin 120 ne, kashi ɗaya cikin biyar na 600. A ɗaga ɗigo daga mililita 19 zuwa 23, a ƙara gas da kashi ɗaya cikin biyar shi ma, don ruwa mai yawa da gas ɗin da yake da shi a da zai fito a tsinke. Mai kwantirola wannan ƙarin gas ɗin na'urar za ta yi masa. Abin da tanki ya riga ya rasa kuwa da hannu ake mayar da shi: giram 12 na bekin soda yana ɗaga lita 400 da dKH ɗaya, kuma kada a ɗaga fiye da ɗaya a rana. Wasu suna yin akasin haka, su kafe ɗigo su riƙa ɗaga pH na ciki suna saukewa. Ita ma tana aiki. Wadda ba ta aiki ita ce haɗa biyun.

Kada a kori pH na ciki ƙasa da wajen 6.4 don neman ƙarfi. Tsakuwar aragonait takan ruguje ta zama farar laka, ta toshe soso da famfo, ruwan fita ya yi fari kamar an dama alli. In riyakta ba ta isar da buƙata sai an kai ta nan, to tulun ya yi wa tankin kaɗan.

Tsamin da ke biyo ruwan

Ba duk CO2 ke ƙarewa cikin tulun ba. Saura yana biyo ɗigon ya shiga tanki, shi ya sa tankunan riyakta sukan zauna a pH 7.8 zuwa 8.0, musamman da asuba bayan dabbobi sun kwana suna numfashi babu haske. Murjani yana rayuwa a haka, amma ya fi saurin gini in pH ya haura 8.1. Kafin a sayi komai, a duba ɗakin. Iskar waje tana da CO2 wajen kashi 420 cikin miliyan, rufaffen ɗaki mai mutane kuwa yana wuce 1,000 cikin sauƙi, tanki kuma abin da ke ɗakin yake shaƙa. Buɗe taga, ko jawo tiyon iskar sikima, na'urar nan mai kumfa da ke tsame datti, daga waje, sau da yawa ya wadatar.

In bai isa ba, a ɗiga ruwan fita kusa da bakin sikima don kumfa ta kore iskar, ko a bi da shi ta tulu na biyu mai ƙananan tsakuwa, inda sauran CO2 zai ci wani abu kafin ya fita. Wasu suna ɗiga shi cikin sashen da suke noman gansakukar Chaetomorpha da fitilar dare, ita kuma ta shanye. Haɗin da ya fi kowane dacewa shi ne riyakta da ruwan farar ƙasa tare: ita tana saukar da pH, shi yana ɗagawa, kuma duk abin da ya biya na bashin 600 ɗin nan an rage wa riyakta.

Tsakuwa da kula da ita

Aragonait ya fi kalsait, ɗaya siffar kalsiyam kabonet, saurin narkewa, don haka tsakuwar da aka yi da kalsait tana neman pH mafi ƙasa. Manyan ƙwayoyi ruwa yana ratsa su da kyau amma suna son tsami. Ƙanana suna narkewa da wuri amma suna cushewa. Masu neman araha sukan gwada ɓawon kawa ko dutsen farar ƙasa na kanti. Haɗarin shi ne duk abin da ke cikin dutsen zai narke tare da shi, har da fosfet mai haifar da gansakuka ya kuma rage wa murjani gini. Kilo 4 ne a shekara; ba nan ne wurin tsimi ba. Ko da tsakuwar kamfani ce, irin su ARM na CaribSea ko ReBorn, a auna fosfet a ruwan fita a makon farko. Maganiziyam da ke cikin aragonait kaɗan ne, shi ya sa ake gauraya dolomait, dutse mai maganiziyam, kamar kashi ɗaya cikin goma, a riƙa auna maganiziyam ɗin sau ɗaya a wata.

In riyakta ta yi kwanaki a kashe, kada a kunna ta kai tsaye cikin tanki. Ruwan da ya kwanta a rufe babu iska yana iya ruɓewa ya yi warin ruɓaɓɓen ƙwai, wannan kuwa guba ne ga kifi da murjani. A juya tiyon fita cikin bokiti a wanke tulun tukuna.

Ana ƙara tsakuwa in ta sauka zuwa wajen rabi. A rufe gas, a zubar da lakar da ta taru a ƙasa, a jiƙa fankar famfo a ruwan binega don ɓawon da ya kama ta ya saki. Tulun da aka cika sabo yana ba da fiye da wanda ya zaizaye ko da ba a taɓa saiti ba, don haka a koma awon kullum na kwana uku ko huɗu. Bayan nan sau biyu a mako ya isa. Cin tankin ma ba ya tsayawa wuri ɗaya: reshen da ya ninka girma ya ninka ci, ranar da aka yi wa murjani aski aka rarraba rassa kuwa cin yana faɗuwa nan take, a ranar ake rage ɗigo da gas, ba sai awo ya nuna 10 ba.